Ƙafa Uku Wadda Ba Ta Girgiza

Wani mutum ne a Samaru, a layin da ke bayan kasuwa. Shekara talatin da biyu ya yi yana aikin masinja a jami'a, yana kai takarda daga wannan ofis zuwa wancan, bai taɓa buɗe ko ɗaya ya leƙa ba. Ranar da ya ajiye aiki, wani farfesa da shi ma yake haɗa kayansa zai koma garinsu ya kira shi. Ya jawo wani dogon abu daga bayan kabad, ya hure ƙurar da ke kai, ya miƙa masa.

"Ranka ya daɗe, mene ne wannan?"

"Madubin hangen nesa. Na kallon tsuntsaye ne. Ka je ka samu abin yi."

Mutumin ya rusuna ya yi godiya, ya saɓo abin a kafaɗa har gida. Kaurinsa ya kai na taɓarya, tsawonsa ya ɗara kamu guda.

Matarsa Hephzibah tana tsakar gida tana tsintar wake, don ƙosai take soyawa kullum da safe a ƙofar gida. Ta ɗago kai ta dube shi.

"Baban Diana, bindiga suka sallame ka da ita?"

"Ilimi suka sallame ni da shi."

"To ajiye ilimin, ka zo ka kama mini tsintar nan."

Tun daga ranar aikinsa ke nan. Da safe wake, da yamma madubi. Sai ya zauna a gindin mangwaro, ya ɗaga madubin da hannu biyu, ya kafa ido. Ya hango kurciya a kan wayar lantarki, tana rawar jiki. Ya hango balbela a bayan wata saniya, ita ma tana karkarwa. Ya juya kan wani hankaka da ke saman kwanon maƙwabta. Shi kam har tsalle-tsalle yake a wuri ɗaya.

Kwana uku yana wannan kallo, hankalinsa na ƙara tashi. Ranar Lahadi da aka tashi daga sujada, sai ya tare Malam Othniel a bakin ƙofar coci. Malam Othniel tsohon malamin kimiyya ne, dattijo a cocin, kuma shi ne shugaban wasu mutum bakwai da ke fita duk Asabar kallon tsuntsaye.

Mutumin ya ja shi gefe, ya rage murya.

"Malam, annoba ta shigo gari."

"Wace iri?"

"Tsuntsayen Samaru duk zazzaɓi suke yi. Na gani da idona. Ba wanda ba ya rawar sanyi."

"Har hankaka?"

"Shi ya fi kowa jin jiki."

Malam Othniel ya cire tabarau ya goge. "Da me ka gan su?"

Mutumin ya ba shi labarin madubi.

"Ka duba wani abu da shi, wanda ba tsuntsu ba?"

"Na duba tankin ruwan gidan maƙwabcina Cornelius."

"Yaya ka same shi?"

"Shi ma ya kamu."

Malam Othniel ya mayar da tabarau. Ya ce, "Hannunka ne ke rawa."

"Hannuna? Malam, shekara talatin da biyu ina ɗaukar wa farfesoshi shayi daga ƙasa zuwa bene na uku, ko ɗigo ban taɓa zubarwa ba."

"Na yarda. Amma madubin nan yana ƙara wa abu girma sau sittin. Rawar hannunka ma sau sittin yake ƙara mata. Ba a riƙe shi a hannu. Ƙafa uku ake ɗora shi a kai, irin ta masu ɗaukar hoto. Ka nemi mai ƙarfi. Abu ɗaya za ka riƙe a ranka: kada ta motsa."

"Kada ta motsa."

"Shi ke nan."

Daga nan Malam Othniel ya gaya masa abin da ya hana shi sakewa. Nan da mako biyu wata Dakta Remi za ta zo daga kudu, mai binciken tsuntsayen ruwa. Tana neman ɗan gari mai madubi, wanda zai riƙa zama a bakin tafkin Bomo yana ƙirga mata tsuntsaye, da ɗan alawus ɗinsa duk wata. Ban da haka, wani masunci ya rantse ya ga gauraka a tafkin, tsuntsuwar nan mai dogayen ƙafafu da tuntu ruwan zinariya a ka. In Dakta ta samu hotonta, aikin ya tabbata.

"Rabona da gauraka tun shekarar da na yi aure," in ji Malam Othniel. "Yanzu ga yanar ido tana rufe mini gani. Ina so in ƙara ganinta ko sau ɗaya ne."

Mutumin ya tuna da buhun waken da ke jiransa a gida. Ya ce, "Malam, ka bar mini wannan."

Washegari da sassafe ya hau bas ya sauka a kasuwar Sabon Gari. Mutumin farko da ya tare, wani mai sayar da rake ne.

"Ɗan'uwa, ina ake samun ƙafa uku a nan?"

Mai rake ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito. Kafin ka ce me, keke mai ƙafa uku har shida sun kewaye shi, kowa na danna ham.

"Baba, ina za ka? Palladan? Kwangila?"

Mutumin ya zagaya ta farkon, ya ƙirga tayoyin. Uku ne cif. Ya dubi direban.

"Tana girgiza?"

"Baba, a kan titin nan ai kowa girgiza yake."

"In ta tsaya fa?"

"In ta tsaya, sai an tura."

"Ba ta motsi ko kaɗan?"

"Wallahi jiya awa biyu muka yi da ita a gaban gidan mai."

Mutumin ya ji abin ya kwanta masa. Har ya fara tambayar ta inda ake ɗaura madubi, sai wata mata mai sayar da tumatir da ke sauraronsu ta sa baki. Ta tambaye shi abin da zai ɗora a kai. Da ya ce abu ne mai nauyi wanda ba a so ya karkace, sai ta tura shi layin maƙera. Can aka fito masa da murhun ƙarfe na ɗora tukunyar biki. Ya tsuguna ya gwada tsayinsa, ya ga sai dai in a kwance zai riƙa kallon tsuntsaye. Sai a sannan ya tuna Malam ya ce irin ta masu hoto.

Haka ya isa shagon Tobiloba. Tobiloba mai hoto ne ɗan mai hoto, a Sabon Gari aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ta mutanen cikin birni. Ya saurari bayani, ya shiga ciki ya fito da ƙafa uku har kala uku, ya jera su a tsakar shago.

Mutumin ya tsaya gaban ta farko. Ya dube ta sama da ƙasa. Sai ya kai mata shuri. Ta kife.

"Baba! Me ta yi maka?"

"Gwaji ne."

Ta biyu ya cika kumatu ya hura mata iska. Ba ta yi komai ba. Ya jawo fankar shagon ya kunna mata har lamba ta ƙarshe. Hotunan amare da ke kan tebur suka tashi sama. Ya kanga kunne a jikin ƙafar, ya ce yana jin tana rawa daga ciki.

Ta uku ita ce babba. Ya shure ta, ta tsaya. Ya hura, ta tsaya. Ya juya zai zauna a kanta, Tobiloba ya riƙo shi.

"Baba, tsaya in gaya maka yadda abin yake, tun kafin ka rufe mini shago. Wannan ita ce daidai da madubinka. Ka buɗe ƙafafun sosai. Wuyan nan na tsakiya, kada ka zaro shi sama, nan rawa take farawa. Sannan ka ga ƙugiyar nan a ƙasa? In akwai iska, ka rataya mata abu mai nauyi. Iya nauyin, iya tsayuwarta."

"Iya nauyin?"

"Iya nauyin, Baba."

Aka yi ciniki, ya saɓo ta.

Da ya iso gida Hephzibah ta tafi zumuntar mata. Ya kafa ƙafa uku a gindin mangwaro, ya ɗaura madubi, ya leƙa. Ga hankaka a kan kwano, tsaye ƙyam, lafiyarsa ƙalau. Mutumin ya yi murmushi, ya ce, "Sannu da jiki."

Sai wata tifar yashi ta wuce ta ƙofar gida. Hankaka ya ɗan yi rawa.

Mutumin ya ɗaure fuska. Ya cire takalminsa ya rataya a ƙugiya. Ya jira wata motar. Da ta wuce, ya ga kamar da saura. Ya sauke takalmi ya rataya bokiti cike da ruwa. Wani mai babur ya wuce. Bai tabbata ya ga rawa ba, amma bai tabbata bai gani ba. Ya waiga yana neman abin da ya fi bokiti, sai idonsa ya faɗa kan dutsen niƙan Hephzibah. Dutsen na mahaifiyarta ne, daga Zonkwa aka kawo shi ranar aurensu, kuma a kansa take niƙa attarugun ƙosai, don ta ce na inji ba ya ɗanɗano.

Ya kwance igiyar akuya ya ɗaure dutsen tamau. Ya yi nishi, ya ɗaga, ya maƙala a ƙugiya, ya ja da baya.

Ƙafa uku ta ɗan jure. Can sai ƙafafun suka fara buɗewa a hankali, kowace ta kama gabanta, kamar akuyar da ta hau sabon tayil. Mutumin ya yi wuf ya cafke madubi. Sauran kuwa suka isa ƙasa gaba ɗaya. Dutse ya ce ƙwas, ya rabe biyu.

Daidai nan Hephzibah ta yi sallama, da littafin waƙoƙinta a hannu. Ta dubi dutse. Ta dubi ƙarafan da ke shimfiɗe. Ta dubi akuya tana cin waken gobe.

"Baban Diana."

"Na'am."

"Dutsen uwata ne wannan?"

"Shi ne. Yanzu kina da biyu."

Ta shiga ɗaki, ta fito da turmi da taɓarya ta dire a gabansa. Daga ranar, bayan tsintar wake, dakan attarugu ma ya dawo kansa. Yana daka yana atishawa yana tunani. Abin da ya gano shi ne, laifin ba na dutse ba ne. Ƙafar ce ba ta ƙoshi ba.

Ranar Alhamis ya tattara gawar ƙafa uku a buhu, ya koma Sabon Gari, wurin wani mai walda da ake kira Kehinde. Ya zazzage buhun a gabansa.

"Irin wannan nake so. Amma wadda ta ci ta ƙoshi."

Kehinde ya ɗaga tabaran walda zuwa goshi. "Me za a ɗora mata, Baba? Tankin ruwa?"

"Madubi."

"Madubin motar daf?"

"Na tsuntsaye."

Kehinde ya daɗe a sana'a, ya daina mamakin mutane. Ya nuna masa bututun da ake yin ƙafar tebur. Mutumin ya girgiza kai. Ya nuna masa na ƙofar gida. Ya girgiza kai. Can a bayan shago akwai ragowar bututun rijiyar burtsatse, kowanne ya kai cinyar ƙato. Mutumin ya je ya shuri ɗaya. Ya dawo yana ɗingishi, fuskarsa cike da murna.

"Wannan."

Kwana biyar Kehinde yana aiki. Ranar da mutumin ya zo karɓa, ya tarar da abu tsaye a ƙofar shago, ya kai masa har haɓa, an shafe shi da baƙin fenti. Masu wucewa suna tambaya ko sabon injin niƙa ne. Ya shure ta da ɗaya ƙafar. Ko gezau. Ya kira mutum huɗu daga shagon kafinta suka tura. Ko gezau. Kehinde ya kawo babbar guduma ya maka mata. Gudumar ce ta yi ƙara.

Mutumin ya gyaɗa kai. Ya ɗora hannu a saman, inda madubi zai zauna. Sai saman ya juya, sumul, ba ko ƙara.

Ya janye hannu kamar ya taɓa wuta.

"Wannan fa?"

Kehinde ya washe baki. "Wannan ai shi ne gwanintar, Baba. Boris ɗin babur na sa mata. Hagu, dama, sama, ƙasa. In tsuntsu ya tashi, sai ka bi shi."

"Ni zan bi tsuntsu?"

"To ai haka ake yi."

"Kehinde, shekara talatin da biyu ina bin mutane da takarda. Na gama bin kowa. Malam ya ce kada ta motsa."

"Ƙafar ya ce, ko kan?"

"Bai ware ba."

"Baba, in na like wannan, wuri ɗaya za ka riƙa kallo har abada."

"Like."

Kehinde ya sauke tabarau ya like. Ya ƙera wata matsa ta ƙarfe mai faɗi wadda ta rufe bayan madubin, ya ɗaure ta da noti takwas. Kafin ya ɗaure na ƙarshe ya sake tambaya.

"Ina kake so ya kalla?"

"Gaba."

Aka kira mai kura ya ɗauka. Ana ɗorawa tayar kurar ta fashe. Sai a-kori-kura aka nemo, ita ma da ƙyar ta hau gadar Kwangila.

Asabar ta zo. Ƙarshen damina ne, tafki ya cika har bakin gonakin shinkafa. Gari na wayewa Malam Othniel ya iso da mutanensa, tare da Dakta Remi. 'Yar siririyar mace ce mai hular kaki, da jakar kyamara a kafaɗa. Ta fito da tata ƙafa ukun daga mota, ta riƙe ta da hannu ɗaya kamar lema, ta warware ta cikin ƙiftawar ido.

Mutumin ya dubi abin, tausayi ya kama shi. Ya matsa kusa da Malam Othniel.

"Baiwar Allah, daga nesa ta zo. Da ta faɗa, da na haɗa ta da Kehinde."

Sai ga a-kori-kura tana tafe da baya. Manoma shida da suka zo korar tsuntsaye a shinkafa aka roƙa suka kama. Suka sauke, suka yi taku goma, suka ce iyakarsu ke nan, suka dire ta a bakin ruwa. Ƙafafun suka nutse cikin taɓo har taƙi biyu. Suka zauna daram.

Dakta Remi ta zagaya abin sau biyu. Hausarta ta makaranta ce, a hankali take jera ta.

"Baba, wannan... na mene ne?"

"Na tsayuwa ne, Dakta."

"Ta ina yake juyawa?"

"Ba ya yi."

Ta dubi Malam Othniel. Malam Othniel ya dubi ruwa.

Mutumin ya kafa ido a madubi. A tsallaken tafki akwai wani busasshen kututture. Shi madubin ya zaɓa.

Ba a jima ba tsuntsaye suka fara sauka. Kowa ya duƙa kan madubinsa, ana ta raɗa.

"Ga zalɓe can, hannun hagu!"

"Kirinjijiya, garke guda, sun fi arba'in!"

"Dinya biyu a bayan ciyawa!"

Malam Othniel ya taɓo shi. "Duba hagu, ga dinya."

"Hagu ba ya cikin tsarina, Malam."

Bayan awa ɗaya Dakta Remi ta zagayo da littafinta tana tambayar kowa abin da ya gani. Wannan ya ce iri tara. Wancan ya ce goma sha ɗaya. Ta iso kan mutumin.

"Baba, kai fa?"

"Kututture ɗaya."

"Shi ke nan?"

"Amma leƙa ki gani."

Ta leƙa. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago ta ce gaskiya ita dai tun da take aikin nan ba ta taɓa ganin hoto a tsaye haka ba. Har tururuwan da ke hawa kututturen ta gani, ɗaya na ɗauke da ƙwayar shinkafa.

"Kin gani ko?" in ji shi. "Duk tsuntsun da ya hau kututturen nan, ya shiga hannu."

"In bai hau ba fa?"

"Shi ya sani."

Rana ta fara zafi, haske na dukan idonsa ta gefe. Ya zaro wani koren zane na Hephzibah da ya zo da shi don shimfiɗa, ya lulluɓe kansa da kafaɗunsa, ya koma ya kafa ido. Sauran suka bi gefen tafki suna ƙirga, suka yi nisa. Shi kuwa ko yatsa bai ɗaga ba. Awa ɗaya. Awa biyu. Kwaɗi suka dawo suka ci gaba da harkarsu a kan takalminsa. Wata balbela ta zo ta zagaya shi, ta ga ba saniya ba ne, ta wuce. Zuwa awa ta uku, duk abin da ke tafkin ya manta akwai mutum a wurin.

Su Malam Othniel suna dawowa a gajiye, saura taku ashirin su iso, sai suka ji wani kuka daga sama, mai kauri kamar ƙaho. Malam Othniel ya tsaya cak. Ya kama hannun na kusa da shi.

"Ita ce," ya ce. "Na san muryar."

Gauraka ce, ita kaɗai. Ta kewaya tafkin sau biyu tana neman wurin sauka. Ciyawa na kaɗawa, reshen da ke bakin ruwa na lilo, manoma na ta buga gwangwani a cikin shinkafa. A duk faɗin wurin abu ɗaya ne ba ya motsi. Ta miƙe ƙafafu, ta buɗe fukafukai, ta sauka a kan matsar ƙarfen da ke bayan madubin. Ƙafa uku ko gezau. Mutumin da ke ƙarƙashin zane bai ji komai ba.

Kowa ya daskare. Tsuntsuwar ta tsaya, ta miƙe wuya, rana na dukan tuntun kanta. Malam Othniel ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ba ya buƙatar wani madubi. Ga ta nan, farin kunci, baƙin goshi, komai. Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

Dakta Remi ta laluba kafaɗarta. Ba jaka. Ta tuna ta ajiye ta a kan wani tudu kusa da mota, taku goma daga inda take. Ta durƙusa ta fara rarrafe cikin taɓo, a hankali, a hankali.

Malam Othniel ya yi raɗa da iya ƙarfin da raɗa za ta ɗauka.

"Baban Diana! Kada ka motsa!"

Murya ta fito daga ƙarƙashin zane. "Ai ba mai motsi a nan, Malam."

"Gauraka!"

"Ina?"

"Yi shiru!"

"Ba ta cikin madubi. Ka dai sake dubawa, kila zalɓe ne."

"Na ce ka yi shiru, don Allah!"

Dakta Remi ta kai ga jaka. Ta fara jan zif, haƙori ɗaya bayan ɗaya.

Gauraka ta gyara tsayuwa. Ta taka gaba kaɗan, ta sauke fiffike ɗaya tana gyaran gashi. Fiffiken ya rufe bakin madubi ruf.

Aka ji murya daga cikin zane. "Af. An ɗauke wuta a tsallake."

Dakta Remi ta ci gaba da jan zif.

"Malam, kututturen ya ɓace."

Dakta Remi ta fito da kyamara. Ta kunna. Ta kai hannu za ta cire murfin gaba.

Mutumin ya yaye zane ya ɗago kai. Abin da ya fara gani, wasu dogayen ƙafafu baƙaƙe guda biyu a gaban hancinsa. Ya bi su da kallo har sama. Gauraka ta karkato kai ta dube shi da ido ɗaya. Shi ma ya dube ta. Ya dubi fiffiken da ya rufe masa madubi.

Sai ya cire hula.

"Shuu! Shuu! Tashi mini a nan!"

Tsuntsuwar ta yi wani kuka, ta buga fukafukai, iskar ta tafi da koren zane cikin ruwa. Ta tashi ta bayansu, ta miƙe ta nufi wajen Shika. Dakta Remi ta ɗaga kyamara ta danna. Da ta duba, sararin sama ne fes, da gefen hular mutumin.

Ta zauna a cikin taɓon, da murfin kyamara a hannu. Manoma sun daina buga gwangwani. Malam Othniel ya tako a hankali har gaban mutumin.

"Shekara arba'in da ɗaya ina jira. Matar nan ta kwana biyu a hanya. Tsuntsuwa ta bar duk tafkin nan, ta zo ta sauka a kanka. A kanka! Me ya sa ka kore ta?"

Mutumin ya goge bakin madubi da hularsa, ya mayar da ita ka, ya sake kafa ido.

"Haba Malam, na hangen nesa ne fa. In tana so a gan ta, ta je can ta hau kututture."